Haƙori guda

Duk wanda ya san Kawu Illa makanike a Tawa ya san ba a gama gaisuwa da shi. Kana cikin tambayarsa iyali, mota ta wuce, sai ya ɗaga maka hannu, ya karkata kai yana saurare.

"Kash! Haƙori guda tat tsallake."

Sarƙar cikin inji yake nufi, wadda ke haɗa gilar sama da ta ƙasa, ƙarafan nan masu haƙora, don bawul su buɗe daidai da tashin fistan. Daidaita ta shi ne kalaji, kuma a wurin Kawu duk duniya ba wanda ya iya shi. Lokacin da jam'iyyu suka fito, ya taɓa bin motar 'yan kamfe da gudu yana ɗaga hannu, don ya ji kalajinta ya goce. Suka zaci masoyi ne, suka jefo masa riga mai hoton ɗan takara. Ya dawo yana haki.

"Ban samu gaya musu ba. Amma tsumman ga na da kyau!"

Da ita ya yi ta shafe mai har ta ƙare.

Ni ɗan yayarsa ne, a hannunsa na tashi. Wata shekara muna yajin aiki, mu malaman makaranta, sai saƙo ya zo daga Tebaram: Inna, mahaifiyata, idonta ya tafi, jiki ya yi nauyi, tana son jin muryar ƙanenta. Na ce mu shiga motar kasuwa gobe.

"Ni? A aza ni baya awa buhun albasa? Da motata za ni, ko in zamna."

Motar tasa kuwa tsohuwar ƙirar nan ce da ake kira kat-san-kat, ta girme ni, ta daɗe bisa duwatsu. Darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, kayan gyara sun yi wuya, da ƙyar ya samo tsohuwar sarƙa. Alamomin da ke jikin gila duk sun goge. Sai ya cire buji, wato filogi, ya zura karan hatsi a ramin, yana juya inji a hankali har karan ya kai iyakar tashinsa, alamar fistan ya kai sama. Karan ma sai na garin Kalfu, wai na Bambai taushi gare shi. Ya juya ɗauko sifana, akuyar maƙwabta ta cinye karan. Ranar aiki ya tsaya.

Wallahi na ji haushinsa. Kullum na kwanta ina tsoron kada wani saƙon ya riga mu.

"Kawu, in ba ta jira mu ba fa?"

Ya ci gaba da ɗaura sarƙar.

"Da ƙarar motar ga ta san ni. In na iso da ta wani, ƙaƙa za ta gane ni na?"

Gwajin farko ya duƙa a kan karbireto, na murza makulli, wuta ta yi bal! Ya ɗago da rabin gemu.

"Gaisuwa ta. Ta daɗe ba ta gan ni ba."

Ya sake kwancewa, ya matsar da sarƙar, bai yarda shi ya yi kuskure ba, akuya ya ɗora wa laifi. Wannan karon ta tashi lafiya lau, muka kama hanyar Tebaram.

Ba mu kashe inji a ƙofar gida ba sai ga Inna ta fito tana lalube bango.

"Illa na! Na jiyo ta tun bakin rijiya."

Ta shafa fuskarsa, ta tsaya.

"Ina rabin gemunka?"

"Na baro shi Tawa, Yaya, in samu dalilin komawa."

Bai koma ba. Ya ce zai ɗan zauna da ita, a daminar nan zazzaɓi ya ɗauke shi, ita ma ba ta kai kaka ba. Ni kaɗai na dawo, a motar kasuwa, a baya.

Ina kewarsu ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu da Inna, Ya haɗa su inda babu sauran rabuwa. Amin.