Igiyar da na tafi da ita Dannet

Tun da zafi ya shigo bana hankalina bai kwanta ba a kan awakin ƴata. Duk wanda ya zo Arlit daga daji magana ɗaya yake kawowa: ciyawa ta ƙare, ruwan rijiya ya yi ƙasa, bisashe suna faɗuwa. A bakin famfo kuma mata suna cewa wai makiyaya sun fara sayar da dabbobin amana, in ka tambaya su ce mutuwa suka yi. Ni kuwa da ma mai saurin tsorata ce. Ko tari yarinyar nan ta yi sai na kai hannu goshinta sau goma.

Bari in faɗa muku yadda awakin suke. Lokacin da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, maigidana ya rasa aiki, ni kuma ina da jaririya a hannu. Cikin abin da aka sallame shi da shi ya sayi awaki biyu mata, ja da baƙa, ya ce na ƴarmu ne, ko me za a ci a gidan nan ban da su. Muka ba wata tsohuwa Buzuwa ta wajen Dannet kiwo, wadda take kawo cuku gari tana sauka a gidanmu. Kowa Anna yake ce mata, wato inna a harshensu. Ƙa'idar a fili take: nono nata ne, abin da aka haifa namu ne. Shekarun nan har awakin sun zama biyar. Su ne kawai abin da yarinyar nan ta mallaka a duniya. Bana sai Anna ta daina zuwa gari, maigidan kuma yana can wajen haƙar zinariya inda babu rezo, waya ba ta shiga, ba wanda zan yi shawara da shi sai maƙwabciyata. Ita ta ce mini, "Ke dai je ki gani da idonki. Kuma ki riƙe igiya, in kin same su ki jawo kayanki, kada a bar ki da labari." Na sayi sabuwar igiya shuɗiya ta roba, na ɗaure ƙullin kayana da ita, ragowar na naɗe ta a sama.

Mun tashi da asuba daga tasha, cikin wata tsohuwar motar katkat mai buɗaɗɗen baya. Na bar yarinyar wurin maƙwabciyar tana barci. Kuɗin mota ya ƙaru a kan wanda na sani, direba ya ce in je in tambayi mai sayar da mai. An loda buhunan dusa da bidon, wato jarkokin ruwa, mu kuma aka loda mu a kansu. Muna fita gari muka yi kiciɓis da bas ɗin ma'aikata, mutane a ciki kowa ya jingina kai da gilashi, sai na tuna lokacin da nake tashi in dafa wa maigidan shayi kafin tasu ta zo.

Hanyar Agadas, wanda bai bi ta ba kwanan nan kada ya ce ya san ta. Kwaltar ta zama tsibiri tsibiri, direbobi sun bar ta sun buɗe tasu a gefe cikin rairayi. Duk ramin da muka faɗa sai wata mata mai ƙiba ta faɗo kaina ta ce in yi haƙuri, har na ce mata ta ajiye haƙurin ta ba ni gaba ɗaya in mun isa. Manyan motocin kamiyo suna wucewa da samari a sama, fuska a naɗe, masu zuwa neman zinariya. Na riƙa leƙen fuskokinsu ko da na san ba ta nan mijina yake ba.

Da muka bar babbar hanya muka nufi gabas, ƙasar ta canza. Baƙaƙen duwatsu, sai ƙoramu busassu da itatuwan ƙaya a bakinsu, an sassare rassan an ba dabbobi. Nan na fara ganin abin da ake faɗa. Jaki kwance a gefen hanya, fata ta manne da ƙashi. Gaba kaɗan tumaki, ba a ko feɗe su ba. Wani dattijo da ke kusa da ni, mai buhunan dusar da nake zaune a kai, ya ce raƙumarsa ya sayar ya sayo su, buhun dusa ya kusa kamo na gero a tsada. Ya ce bana dabba ce ke cin ƴar'uwarta, ka sayar da ɗaya ka ciyar da ɗaya. A raina na ce shi ke nan, awakin ƴata sun zama dusa.

Mun tsaya a wata rijiya inda akwai ƴan lambuna. Abin ya ba ni mamaki, tsakiyar wannan ƙuna ga kore shar. An girbe albasa an shanya ta ƙarƙashin rumfa, wani ya dasa masara, an kewaye da ƙaya mai tsawo saboda awaki. Wani yana ban ruwa da inji, maƙwabcinsa kuma da raƙumi, yana ja guga na fitowa yana zubewa cikin kwalbatin icce. A bakin rijiyar ake jin duk labarin ƙasar. Wane ya ga walƙiya ta wajen duwatsu. Wane an cinye masa lambu, an kai magana gaban mai gari. Mai albasa yana kukan ba mota, makiyayi yana roƙon ya sayar masa da ganyen da ya bushe. Na sayi ruwan shayi da ɗan biredi mai tauri kamar an toya shi tun bara, na ci don dole.

Rana ta karkata muka wuce Dannet, direba ya sauke ni a bakin wata ƙorama ya nuna mini bukkokin tabarmi can nesa. Ya ce gobe da hantsi zai biyo ta nan. Na ɗora ƙullina a kai na taka.

Anna ce ta fara gano ni. Ta rame ƙwarai. Ta taso da sauri ta kama hannuna tana shafawa irin gaisuwarsu, tana cewa, "Ɗiyata, ka zo? Ina jikana, ya yi girma?" Haka take Hausarta. Ita da kanta ta sauke mini kaya. Na ga idonta ya tsaya a kan ƙullin, sannan ta ajiye shi a bakin bukka inda kowa ke wucewa. Matan sauran bukkokin suka zo gaishe ni, kowace ta dubi kayan ta dubi Anna. Ni ban kawo komai a raina ba, na ɗauka sukarin da na kawo tsaraba suke hange.

Aka ba ni ruwa, aka dama mini fura da dabino, aka ɗora shayi. Ba wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Ni ma kunya ta hana ni tambaya, ina zaune ina zare ido, ba akuya ko ɗaya a wurin.

Gab da magariba suka dawo daga kiwo tare da ɗan Anna, magidanci ne mai mata da jariri. Garken da na sani mai cika ƙorama ya koma ɗan tsiraru, duk haƙarƙari a waje. A cikinsu sai ga biyar sun fita daban, gashi na sheƙi. Jar akuyarmu ce a gaba, hantsarta cike, ga baƙar, ga ƴaƴansu. Ɗan Anna ya ware su gefe, ya zuba musu dusa a wani tsohon kwano, yana kore nasu da sanda. Na ce masa me ya sa ba zai ba sauran ba. Ya ce ba ta isa. Ya ce nasu in sun mutu nasu ne, waɗannan kuwa na yarinya ne.

Wallahi ƴan'uwa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan take na yanke a raina gobe zan koma hannu rabbana, in je in gaya wa matan famfo su ji tsoron Allah.

Ina nan zaune Anna ta tatsi jar akuyar a ƙaramar ƙwarya. Surukarta ta kawo jaririn, ɗan mitsitsi, wuya kamar zare. Ta ce mini tun da ta yi zazzaɓi bayan haihuwa nononta ya ɗauke. Da cokalin icce suke ɗura masa, yana haɗiya yana lumshe ido. A duk garken jar nan ce kaɗai ke da nonon kirki. Na karɓe shi na riƙe, na yi masa wasa, na ci tuwon da aka ba ni, na yi barci mai daɗi irin wanda na daɗe ban yi ba.

Da safe na fito ban ga igiyata a kan ƙulli ba. Na ɗaga ido sai ga awakin biyar a gindin itace a bakin hanya, an yanka igiyar gida biyar an ɗaure kowace. Sauran garken ya riga ya tafi.

Na ruga wurin Anna. Na ce, "Inna, mene ne haka? Ni gaishe ki na zo yi."

Ta ce, "Na gode da gaisuwa. Ga akuyanka, duba shi da kyau, ba wanda ya ɓace."

"Don Allah ki kwance su. Ban ce zan tafi da su ba."

"Ba ka ce ba. Ka zo da igiya."

Surukar ce ta ja ni gefe ta yi mini bayani, don ta fi jin Hausa. A wurinsu mai dabba ba ya zuwa gidan mai kiwo da igiya sai in ya zo karɓar kayansa, kuma ba ya zuwa karɓa ba sanarwa sai in ya daina yarda. Duk zangon ya gani. In Anna ta riƙe su bayan haka, gobe ɗaya ta mutu, me za ta ce wa mutane? Na ce ni ban san haka ba, ɗaurin kaya na yi da ita. Ta dube ni ta ce, "Sabuwa, mai tsawon nan?" Gaskiyarta ce. Ban san al'adar ba, amma na san abin da ya sa na saye ta.

Na koma na durƙusa gaban Anna. Na ce to ko jar kaɗai a bari saboda jariri. Surukar ta sunkuyar da kai, ta juya mana baya tana jijjiga ɗanta. Anna ta ce akwai masu raƙuma a gaba, za su roƙi nono. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta shiga bukka ta fito da cuku guda biyu a tsumma, na tabbata su ne na ƙarshe, ta ce in kai wa jikarta.

Motar ta zo. Ɗan Anna ya ɗaga awakin ɗaya bayan ɗaya ya miƙa sama, ya gaya wa direba a sa jar a inuwa. Fasinjoji suna ta yi mini barka, wani ya ce a shekarar nan wanda ya karɓo dabbarsa da rai ya yi sa'a. Jar ta yi ta kuka har muka hau babbar hanya. Ni ma na ja mayafi na rufe fuska, na bar su suna zaton rana ce ta dame ni.

Mun shigo Arlit da la'asar. Yarinyata ta yi ta tsalle tana kama kunnen ƴan awakin. Maƙwabciyata ta ce, "Kin gani? Da kin zauna da sai labari." Ban ga laifinta ba, ba ita ta ɗora mini kayan a kai ba.

Yanzu ga su a tsakar gida. Garin nan ba ciyawa, abin da nake samu ɓawon dankali ne da ragowar tuwo, jiya na ƙwace leda daga bakin baƙar. Nonon jar yana raguwa kullum. In na tatsa na kan tsaya da ƙwaryar a hannu, na kasa sha, na kasa ba ƴata. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne mutanen da muke zagi a bakin famfo suna can suna hana nasu su ciyar da namu, kuma tsoro ya sa na ci mutuncin wadda ta fi ni riƙon amanar ƴata. Ban san da wane baki zan gaya wa maigidan ba.

Na ba direban nan saƙo ya kai. Ya dawo ya ce ya tarar da wurin wayam, an yi ruwa ta wajen duwatsu, sun kwashe bukkoki sun bi shi, ba wanda ya san ƙoramar da suka sauka.

Don haka nake roƙonku, masu bin hanyar Dannet, direbobi da masu sayen albasa da masu zuwa rijiyoyi. In kun haɗu da zangon da ke da tsohuwa mai kai cuku Arlit, ɗanta yana da farin raƙumi mai tsagaggen kunne, ku duba mini ko jaririn yana nan lafiya. Ku ce mata ƴar Damagaram ɗin da take sauka a gidanta tana neman gafara. Sannan ku rubuto mini inda suke, ni zan kai jar akuyar da kaina tun nononta bai ƙafe ba.