Doki Biyar na Ɓoye: Jinjina ga Odell Gattis

Ƙarfe bakwai na safe Odell Gattis yake ɗaga ƙofar garejinsa a mashigar Tull, bakin kogin Mississippi, yau shekara arba'in da huɗu. Kafin ya taɓa sifana sai ya ɗora ruwan kofi, ya leƙa sandar awon ruwa ya ga ko kogi ya hau ko ya sauka, sannan ya goge wani tsohon sikelin auduga da ke bakin ƙofa. Maharban agwagwa na garin nan sun tsani sikelin nan fiye da yadda suka tsani jami'in gandun daji.

Duk mai zuwa sayen injin jirgin ruwa da tambaya ɗaya yake zuwa: mai ƙarfin doki nawa zan saya? Odell ba ya amsawa. Sikeli yake nunawa.

"Hau."

"Haba Baba Odell, inji na zo saya, ba asibiti na zo ba."

"Hau da karenka. Ina buhun agwagin robar da kake yaudarar na Allah da su? Ɗora. Bindiga, harsashi, jarkar fetur. Da wa kake fita?"

"Da ƙanin matata."

"Mai tumbin nan? Je ka ɗauko shi, ina nan."

Dalilinsa ba mai wuya ba ne, jin sa ne yake wa mutane wuya. Babban kogi ba tafki ba ne. In inji ya yi wa kaya kaɗan, jirgi ba ya hawa saman ruwa ya zura, sai ya yi ta huɗar ruwa kamar garma, alhali jirgin turi mai tura kwale-kwalen hatsi talatin ba ya iya tsayawa sai ya ci mil guda. In kuma inji ya yi yawa, gindin jirgi ya nutse, ranar da ka sauke wuta da sauri igiyar ruwan da ka tayar da kanka ita za ta biyo ka ta baya ta cika maka jirgi. Odell ya daɗe da gano cewa kowane namiji yakan rage wa kansa laba talatin in ana maganar nauyi, kuma ba ya ƙirga kare sam.

Garin nan ya iya karramawa. Wanda ya tsamo gawa daga kogi, ana ba shi allon yabo, a ɗauki hotonsa da magajin gari. Wanda ya hana gawar shiga ruwa tun tana tafiya da ƙafarta, sunansa mai taurin kai. Da wannan suna Odell ya tsufa, kuma wanda ya fi kowa kiransa da shi shi ne Hoyt Maddux, abokinsa tun suna aji ɗaya a firamare.

Shekara goma sha biyu da suka wuce Hoyt ya gaji injin mahaifinsa, ɗan ƙarami mai doki tara da ɗigo tara, irin wanda ake yi domin tafkunan da doka ta hana doki goma. Ya kawo shi gyara, ya ce daga bana babban kogi zai riƙa tsallakawa, don agwagin sun koma bayan tsibiri. Sikeli ya ce Hoyt shi kaɗai laba ɗari biyu da saba'in ne, ban da kare.

"Ashirin da biyar kake buƙata," in ji Odell.

"Da wannan injin ubana ya ciyar da mu."

"Ubanka a tafki ya yi harbinsa. Kuma shi da karensa a haɗe ba su kai cinyarka ɗaya ba."

"Kai dai gyara, makanike. In wa'azi nake so, Fasto yana nan ran Lahadi."

Odell ya san mutuminsa. In ya ƙi gyarawa, Hoyt zai shiga kogi da injin a haka, yana tari yana mutuwa. Ya kuma san abin da Hoyt bai sani ba: a irin wannan ƙirar, mai doki tara da mai doki goma sha biyar jikinsu ɗaya, kafireta mai haɗa fetur da iska ce ta raba su. Ya sauya kafireta, ya mayar da murfi da tsohuwar lambarsa, bai gaya wa Hoyt ba. Sha biyar bai kai ashirin da biyar ba, amma ya fi tara.

A watan Disamba na shekarar, da hantsi, iska ta taso daga kudu tana karo da gudun ruwa. Hoyt yana dawowa daga tsibiri sai jirgin turi ya ɓullo daga kwana. Mutum bakwai suna kan gaɓa suna kallo, har da Earline mai gidan abinci, wadda ta ce ta rufe ido ta fara addu'a. Hoyt ya murɗe wuta har ƙarshe, jirginsa ya ɗago ya zura, ya wuce ta gaban hancin kwale-kwalen farko, ma'aikatan jirgin turin suna zaginsa da lasifika.

Abin da ya biyo baya shi ne azabar da Odell ya sha. Shekara tara cur, kowace safiya a gidan abincin Earline, Hoyt yana ba da labarin. Shekarar farko tazarar da ta rage tsakaninsa da kwale-kwalen ƙafa hamsin ce. Kafin shekara ta biyar ta koma kamu ɗaya.

"Doki tara, jama'a! Wai ashirin da biyar, in ji farfesan giris. Ga shi can, ku tambaye shi. Odell, ko ka shaƙe ne?"

Odell ya ci ƙwansa da faten masara, ya ce, "Miƙo gishiri."

Da abin ya tsaya kan zolaya, da ya haɗiye har kabari. Amma labari in ya daɗe sai ya zama ilimi. Aka fara samun masu zuwa gareji suna cewa ai doki tara ya isa, ga Hoyt nan shaida. Yana korar su ɗaya bayan ɗaya, har aka yi sabon likitan haƙori a gari, Likita Renfro, mutum mai digiri uku da jirgi ƙafa goma sha shida. Ya ji labarin Hoyt sau huɗu, ya tafi birni ya sayo doki tara na gaske, sabo dal. Ran Alhamis ya kawo a ɗaura masa, don Asabar ake buɗe harbi, kuma da matarsa zai tsallaka.

"Likita, hau sikeli."

"Ba sai na hau ba, Baba. Na yi bincikena."

"A ina?"

"Wurin wanda ya gwada da kansa. Ai wanda ya gani ya fi wanda ya auna."

Odell ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiyar injin Hoyt. Likita ya yi murmushin da yake wa yara masu tsoron allura. "Na gane, Baba, kasuwa sai da dabara. Ba komai, zan ɗaura da kaina."

Da yamma Odell ya je gidan Hoyt ya faɗa masa. Hoyt ya yi dariya har da dukan cinya. "Shekara tara kana neman ƙaryar da za ka fanshi kanka, wannan ka samo? Kai, tsufa bai yi maka daɗi ba."

Saura kwana ɗaya. Odell ya san abin da injin nan yake a wurin Hoyt. Ba ƙarfe ba ne, ubansa ne, kuma labarin nan shi ne abu ɗaya da Hoyt ya taɓa yi wanda gari yake saurare. Ya kuma san yadda kwanar tsibiri take ran da iska ta juyo.

Ran Juma'a da safe motar Hoyt tana ƙofar gidan abinci da jirgi a jaye. Odell ya leƙa ciki ya ce, "Ku fito. Likita, har da kai. Earline, rage wutar kaskonki."

Ya buɗe murfin injin Hoyt a gaban mutum goma sha wani abu. Ya ciro tsohuwar kafireta daga aljihu, ya ajiye kusa da wadda take ciki. Ya ce Likita ya sa babban yatsa a maƙogwaron kowace. A ta aljihu yatsan ya tsaya. A ta cikin injin ya shige.

"Wannan ta aljihun ita ce ta ubanka, Hoyt. Da a ce da ita ka tsallaka ran nan, da yanzu shekararka tara a ƙasa."

Ba wanda ya yi dariya. Hoyt ya daɗe yana kallon ƙarfen.

"Ka bar ni ina haushi a gari kamar kare, kana zaune kana cin ƙwai."

"Na bar ka kana numfashi."

"Ka sa hannu a cikin injin ubana ba ka gaya mini ba."

"Na sa. Wannan laifina ne, ban musa ba."

Hoyt ya karɓi kafiretar ya sa a aljihu, ya ja motarsa. Likita kuwa ya hau sikeli da azahar, shi da matarsa da karensu, ya ji amsa, ya koma birni ya sayo doki arba'in a wurin wani. Kunya ta hana shi saya a hannun wanda ya cece shi. Har yau in sun haɗu, maganar haƙori kawai yake masa.

Shekara uku ke nan Hoyt bai ce wa Odell uffan ba. Ya sauya benci a coci. An ce ya je wani gari ya sayo ashirin da biyar, ya kankare lambar da wuƙa don kada a gani.

Odell, dattijon bakin ruwa, kai ne ka yi ƙarya sau ɗaya don abokinka ya rayu, kai ne kuma ka tona ta da hannunka ran da ta tashi cin wani. Ba ka ce ka yi daidai ba, mu ma ba za mu ce ba. Amma ka san abin da tonawar za ta ci maka, ka fito da mutane waje duk da haka. Kai ne wanda aikinsa ba ya ganuwa, don ba a ƙirga jana'izar da ba a yi ba.

Asabar da ta wuce aka yi maka walimar ajiye aiki a ɗakin taron coci. Mutum goma sha tara suka zo, a garin da rabin mazansa sun hau sikelinka suna gunaguni. Magajin gari ya aiko da gaisuwa, an kuskure rubutun sunanka.

Masu gyara da masu sayarwa da za su gaje ka, ku koyi cewa a'a ga mai kuɗi a hannu, ku koyi jure fushin wanda kuke ƙauna. Ku kuma maharba, in an ce ku yi kaza a kan kogin nan, ku rage baki.

Mun ga yadda ka riƙa duban ƙofa ran walimar, har aka tattara kujeru. Hoyt bai zo ba. Yana gida a kan barandarsa, yana zaginka da cikakken ƙarfi, jikokinsa suna hawa bayansa. Mun gode, Odell.