Ranar da Aka Hana Ni Rusunawa

Ina shekara ta biyu a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa, wani fim ya shigo ofishinmu ya zubar mini da mutunci. Ban fito a cikinsa ba, ban ma kalle shi har ƙarshe ba. Amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Aikina na takardu ne: na kwastan, na kwantena, na direbobi. Duk wadda na gama sai na kai wa shugabar sashenmu, wadda muke ce wa madam, ta sa hannu. Dattijuwa ce Balarabiya, ta haura sittin, gajeriya, mai tabarau da faɗan tsiya. In ta ga kuskuren lamba ɗaya, har masu lodi a cikin sito sai sun ji muryarta. Ni kuwa yadda aka rene ni a Kano haka nake yi mata. In ta shigo na miƙe. In zan ba ta takarda na rusuna, na miƙa da hannu biyu. In tana faɗa na sunkuyar da kai, na yi ɗan murmushin nan da muke yi wa babba, mai nufin na ji, a yi haƙuri. Ba ta taɓa yin magana a kai ba. Amma ni kaɗai take tambaya ya mutanen gida, kuma ni kaɗai take kawo wa dabino in ta dawo hutu.

A ɗakin shan shayi aka kalli fim ɗin, lokacin hutun rana, a kwamfutar wani abokin aiki, kashi-kashi har kwana uku. Wai na barkwanci ne. Wata manaja ce a ƙasar Turawa take gana wa ma'aikacinta azaba: ta sa shi ya durƙusa ya riƙe mata kofin shayi har ya huce, ta ɗaure masa hannu da igiyar tarho, ta taka masa yatsu da tsinin takalmi. Shi kuma ashe daɗi yake ji, har kuskure yake yi da gangan don a hukunta shi, kuma wai soyayya ce tsakaninsu. Ɗaki ya kaure da dariya, wani har yana shaƙewa da shinkafa. Na ɗauki kwanona na fita. Ban hana kowa kallo ba. Abin da baligai biyu suka zaɓar wa kansu a fim, su ya shafa.

A rana ta uku, bayan azahar, na manta hatimi a wata takarda, madam ta yi mini tatas. Ofishinta na gilashi ne, kowa na gani. Na rusuna, na yi murmushina, na karɓi takardar da hannu biyu na fito. Sai na tarar wuri ya yi tsit, ana ta guntse dariya.

Wanda ya fasa ta shi ne ya fi ƙona mini rai. Ɗan Zongo ne, unguwar Hausawa ta Kumasi, mai tsara wa direbobi hanya. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Hor Al Anz, kwanonmu ɗaya, tare muke zuwa Juma'a. Ya ɗauki kofin shayi, ya zube gabana a kan gwiwoyinsa, ya ɗaga shi sama yana lumshe ido, ya ce da Turanci don kowa ya ji, “Ga jarumin fim ɗinmu ya dawo!”

Da muka tashi aiki, a hanyar tashar jirgin ƙasa, na tare shi.

“Ɗan'uwa, har da kai?”

“Haba chale, abokina, wasa ne. An yi dariya, khalas, shi ke nan.”

“Su ba su san abin da nake yi ba. Kai ka sani. A Zongo a tsaye kuke gaida manya?”

“Kai ma ka cika ɗaukan zafi. Yalla, mu tafi, jirgi zai wuce. Gobe an manta.”

Ba a manta ba. Da safe na tarar da igiyar tarho a naɗe a kan teburina. Direbobi suka laƙaba mini “habibin madam”, wato masoyinta. In na yi kuskure a takarda, a ce da gangan ne. In ban yi ba, a ce yau ba na jin marmari. Na daina murmushi, aka ce mun yi faɗan masoya. Wallahi ban taɓa jin takaici irin wannan ba. Mutum ya yi shekara talatin da wani abu yana koyon ladabi, sai fim ɗin awa biyu ya zo ya fassara wa mutane shi. Kuma ba ka da bakin kare kanka, don da ka fara bayani sai dariyar ta ƙaru. Abin da ya fi cin raina, ba ni kaɗai suke ɓatawa ba. Matar nan ta haife su duka.

Bayan mako biyu ta kira ni. Ta bar ƙofa a buɗe wangale, abin da ba ta saba ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire tabarau tana goge shi, ta ƙi kallona.

“Na ji abin da ake faɗa,” in ji ta. “Ina da jikoki.”

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, “Madam, a wurinmu haka ake yi wa uwa.”

“Na sani. Tun ranar farko na sani, mu ma da haka muka tashi. Amma daga yau kada ka ƙara rusuna mini. In na shigo kada ka miƙe. Takardu ka riƙa ajiyewa a tiren da ke bakin ƙofa.”

Na ce to. Da zan fita jikina ya fara sunkuyawa da kansa, na kama shi a rabin hanya, na fita a miƙe kamar soja. Washegari ta shigo, ina zaune na ce mata barka da safiya. Ta amsa ba tare da ta waiwayo ba. Ba ta ƙara tambayata mutanen gida ba.

Cikin makon nan, da la'asar, na zaga bayan sito neman wani direba ya sa mini hannu. Sai na ji Hausa. Abokin ɗakina ne yake waya da mahaifinsa. Yana durƙushe a kan siminti mai zafi, hula a hannu, kai a ƙasa, yana wa tsohon da ke can Kumasi murmushi.

“Na'am, Baba. Na ji, Baba. A yi haƙuri.”

Ya ɗago ido ya gan ni. Ya yunƙura zai tashi, amma tsohon bai gama faɗa ba, dole ya koma ya durƙusa. Na tsaya a kansa na dube shi. Sannan na koma ciki na ajiye takarduna a tire.