Garba Mai Gawo na 'Yandoto

Mai unguwa Lukuman ya yi ƙarya, kuma a gaban mutane ya yi ta. Ya rantse wa wani ɗan kwangilar itace daga Gusau cewa itatuwan gawo na gonakinmu matattu ne, aka sa musu gatari tsakiyar damina. Wane ɗan 'Yandoto ne bai san halin gawo ba? Da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Sai rani ya yi kore.

Ba Lukuman ya raine su ba, Malam Garba ne.

Tun muna amare muke ganinsa da hantsi, yana bin awaki da ƙwarya yana tsince kashinsu. Mata na yi masa tsiya: "Garba, wanga na miya ne?" Shi kuwa ya ce, "Ƙwarai, ku dai ku tuƙa tuwon." Ashe ƙwayar gawo ba ta cika tsirowa ba sai ta bi ta cikin akuya. In ciyawa ta ƙare, gawo ya ciyar da akuya da 'ya'yansa, ita kuma ta laushe masa iri. Garba ke kai kashin zuwa gonar da ta gaji ya binne, in ya tsiro ya kewaye shi da ƙaya, ko gonar wa ce.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, Adama mai marayu, geron da ta yanka a gindin gawonta shi ya kai su wata damina. Kowa ya gani.

Ranar saran, a kan kututture na iske Garba zaune. Bai zagi kowa ba. "Uwar Ɗanlami," in ji shi, "za su tofo, in an samu mai kai ƙaya. Ni gwiwa ta ƙi."

Garba, uban gawo, kai ne mai haƙurin, ni ba ni da shi. Allah ya saka maka. Samari kuma su ɗauki ƙayar nan, ba ta fi ƙarfinsu ba.

Itatuwan gonar Adama ne suka rage, su ma an yi musu shaidar gatari. Kafin motar itacen ta dawo, a kira Lukuman gaban Hakimi a Tsafe. Ya faɗi wanda ya ba shi ikon sai da abin da bai shuka ba, ya kuma faɗi abin da marayun nan za su ci baɗi.