Ranar da Ƙusa Ya Yi Ɗingishi

Ƙusa ake ce masa a wuraren gini. Siriri ne, miƙaƙƙe, yana ɗaurin rodi tun bai fara aske gemu ba, kuma idan ya kafe a kan magana sai dai ka gaji ka kama gabanka. Matarsa takan ce sunan ya dace da shi ta ko'ina, don ba ya motsi sai an buga.

Aikinsu yana da wata doka da ba wanda ya rubuta: ba a ciwo a bakin ƙofa. Da sassafe ma'aikata kan taru a ƙofar gini, foman ya fito yana nuna waɗanda yake so. Wanda ya dafe ƙugu ko ya ja ƙafa an tsallake shi ke nan, kuma labarinsa zai riga shi isa sauran gine-ginen garin. Saboda haka kowa ya iya ɓoye nasa, ya kuma rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ƙusa da bakinsa yake koya wa sababbin shiga: "Ka cije. Ciwo a gida ake yin sa."

Ranar da abin ya same shi yana durƙushe yana ɗaure rodin ginshiƙi. Tifar kamfanin da ke kawo musu yashi ta yo baya, direban yana waya, ba mai duba masa hanya. Ta ture tarin bulo, tarin ya rufto a kan gwiwar Ƙusa ta hagu. Likita ya haɗa abin da zai haɗu, ya miƙa masa sanda, ya ce gwiwar nan ta gama ɗaukar nauyi. Ɗan kwangila ya biya kuɗin asibiti ya kakkaɓe hannunsa: tifar ba tasa ba ce, direban ba yaronsa ba ne. Ƙanwar matarsa ce ta kai su wurin wata lauya, wadda ta ce haƙƙinsa yana wuyan masu tifa da kamfanin inshorarsu, can za a nemi diyya.

To, amma shari'a ba ta san yara suna cin abinci kullum ba. Ƙusa ya jefa sandar bayan ƙyaure, ya samo guntayen rodi biyu ya lanƙwasa su daidai gwiwarsa, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau da roba a ƙarƙashin wando. Ya yi ta kai da komo a tsakar gida har tafiyar ta miƙe.

"Baban yara, ƙafa ce fa, ba ginshiƙi ba," in ji matarsa.

"Duk ɗaurinsu ɗaya," ya ce.

Ya koma bakin ƙofa ya tsaya ƙyam, foman ya nuna shi. Da yamma kuwa sai matar ta taimaka masa ya zare wandon, gwiwar ta kumbura suntum. Tana gasa masa da ruwan ɗumi tana faɗa, shi yana kallon rufin ɗaki.

Ana nan sai lauyar ta kira shi ofishinta. Ya tarar da wakilin inshora zaune, mutum mai ƙamshin turare da fara'ar da ba ta kai ido ba. Wakilin ya juyo masa da waya. Ga Ƙusa nan a ciki yana ratsa filin gini da damin rodi a kafaɗa, garau. Abin haushi, sai da Ƙusa ya ji daɗi a ransa.

"Kai, ko ni ban ga ɗingishi ba," ya ce.

Lauyar ta dafe kai.

"Ba hoton kaɗai ba," in ji wakilin. "Na tambayi abokan aikinka ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya rantse lafiyarka ƙalau. Wani tsohon birkila ma cewa ya yi ƙarfinka ya fi na da."

Nan Ƙusa ya gane. Sun ga baƙo da takalmi mai sheƙi yana tambayar ƙafarsa, sun ɗauka ɗan kwangila ne ya turo shi neman dalilin sallama, sai suka yi abin da shi ya koya musu. Da ƙauna suka rusa masa ƙara.

Bayan wakilin ya fita lauyar ba ta ɓoye masa komai ba. "Baba, da hoto da shaidu sun fi takardar likita ƙarfi a hannunsu. Cewa za su yi ka warke, kana neman na banza."

Kalmar nan ta ƙarshe ce ta tsaya masa a rai. Bai taɓa cin na banza ba, kuma ba a kan ƙafarsa za a fara ce masa maƙaryaci ba. Ya san sarai abin da nuna gaskiyar zai jawo masa: ranar da foman ya ga gwiwar nan, ya gama ɗaurin rodi a garin.

Da aka sa ranar zuwa duba inda hatsarin ya faru, Ƙusa ya ce a yi da safe, lokacin da kowa ke bakin ƙofa. Wakilin ya zo, lauyar ta zo, foman yana tsaye zai fara nuna mutane. Ƙusa ya zauna a kan bulo ya naɗe ƙafar wandonsa.

"Rufe mana!" tsohon birkilan ya raɗa masa. "Foman na kallo."

"Ya kalla, Yaya. Ai don a kalla na zo."

Ya warware robar a hankali, ya zare tsumman, rodin biyu suka faɗi ƙasa da ƙara. Gwiwar ta fito baƙa, a karkace, da gurbin ƙarfe kwance a cikin naman. Ƙusa ya miƙe ya taka, ƙafar ta lanƙwashe, ya tangaɗa. Birkilan ya kawo hannu, Ƙusa ya ture hannun.

Foman ya sunkuyar da kai. "Ƙusa, ka san yanzu ba zan iya..."

"Na sani. Nuna mutanenka, rana na yi."

Ya kama hanyar ƙofar da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsayuwa a gabanta a miƙe, yana jan ƙafa, kowa yana gani. Matarsa tana can waje riƙe da sandar da ta ciro daga bayan ƙyaure, hawaye na zuba ba ta share ba. Kafin ya isa gare ta ya waiwayo ya dubi wakilin, wanda ya tusa wayarsa cikin aljihu.

"Fito da ita mana, ranka ya daɗe," in ji Ƙusa. "Ɗauki wannan ma. Ita ce tafiyar da tifarku ta bar mini."