Haƙoran da Suka Raba Ni da Ƙaho

Malam Edita, a taimaka a gyara mini rubutu, don aji huɗu na yi na gudu. Amma kada a raina ni. Wannan tsohon da ke shanya gyaɗa a Gwangwan, a da shugaban makaɗa ne a wani otal a Kano, da kwat da jan takalmi. Wurin 'yan badujala na koyi busa, daga baya na koma saksofon, ƙahon ƙarfen nan mai lanƙwasa da mutanen garinmu ke kira algaitar Bature. Kiɗan jaz muke yi, kuma in na kai ƙaho baki har masu raba abinci sai sun tsaya.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, a kan haƙoran gaba na sama bakin ƙahon yake zama. Wata kaka na zo gida, na gatsa rake da ƙarfi, ɗayansu ya tsage. Ciwo ya hana ni sakat. Uwargida ta ce in tafi asibitin Karaye, na ce mata manya ba sa bin layi. Gaskiyar magana, allura nake tsoro. Sai na nufi kasuwar Rogo wurin taubashina wanzami. Ya leƙa bakin, ya ce ai wannan aikin yara ne, ya cire wa Fulani haƙoran da suka fi nawa taurin kai. Ya ɗauko awartaki ya yi bisimilla. Mai ciwon ya fita, maƙwabcinsa mai lafiya ya rako shi. Da na yi ƙorafi, ya ce in gode Allah, na biyun kyauta ne.

Na koma Kano na busa, iska ta zurare ta giɓin, ƙaho ya yi kukan ɗan akuya. Na sa haƙoran roba, suka riƙa zamewa ana tsakiyar kiɗa. Yarana makaɗa suka yi ta rufa mini asiri da ƙarar ganga, har ranar da mai gangar ya ja ni gefe, kansa a ƙasa, ya ce Oga a yi haƙuri, mutane sun fara ganewa. Ban yi musu ba. Na miƙa wa mataimakina ragama, na tattara na dawo gona.

Na daɗe ina jin haushin taubashina, amma ba shi ya jawo ni rumfarsa ba, da ƙafata na je. Kullum ina goge ƙaho da mai, ban taɓa duba bakin da ke busa shi ba. Don haka masu busa, da duk mai cin abinci da wata gaɓa ta jikinsa, ku kai ta wurin masaninta ko da allura ta kai tsawon taɓarya. Har yau taubashin nawa ke yi mini aski duk Juma'a. Kaina dai na ba shi amana, amma ko gaisuwa ya yi, da baki rufe nake amsawa.