Rabin Ƙwaya

Yayata ta girme ni da shekaru masu dama, amma tun ina firamare na wuce ta a tsawo. Gajera ce mai faɗin wuya, ba ta taɓa ganin al'ada ba, don haka a garinmu, can gefen Auyo, ta zauna a matsayin yarinya har ta doshi talatin. Baƙi kan aike ta ɗebo ruwa, ta ɗebo, ta tsaya tana kallon su.

Ina koyarwa a Hadejia wani ciwo ya same ta. Cewa take kogi na kiran ta da sunanta. Da damina kogin har bayan dangarmu yake zuwa, don haka Inna ta sa wa ɗakinta kwaɗo. An yi rubutu, an yi turare. Kogi bai fasa kira ba.

Na ɗauko ta a kwalekwale muka je ɗakin shan magani. Ma'aikacin ya dube ta sama da ƙasa, wanda bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce rabin ƙwaya, irin ta yara.

Na ce, “Yayata ce fa.”

Ya ce, “Malam, kai shekaru kake koyarwa, ni jiki nake gani.”

Rabin ƙwaya ya rage wa kogi murya, bai rufe masa baki ba. Kwaɗo ya zauna a ƙofarta.

Daga baya wani likita ya zo daga Kano. Ya ce halittarta ce haka tun daga ciki, kuma masu irin jikinta sai an lura da zuciyarsu kafin a ƙara magani. Ni yake wa bayani, da Turanci, ni kuma ina gyaɗa kai kamar mai shirin jarrabawa.

Yaya ta ja hannun rigata. “Kai, Malam ƙarami, me yake cewa?”

Na fassara mata.

Ta ce, “Gaya masa ya ba ni ta manya. Ko sau ɗaya a ba ni wani abu na manya.”

Likita ya saurari ƙirjinta, ya yarda a ƙara sannu a hankali. Kafin a yanke shinkafa ta warware, har tana gyara mini lissafi.

Na roƙi Inna ta cire kwaɗon. Ta ce, “A'a. Yarinya ce, ga ruwa kusa.”

Na je bakin taga don in gaya wa Yaya. Ashe ta ji.

Ta ce, “Kogi dai ya yi shiru, ƙanena. Saura ku.”